Ta yaya ake gane gidan abinci mai kyau da shagon kaya na gaskiya a babban birni?

Maman Iman: Assalamu alaikum. Tambayata ga waɗanda suka san harkar abinci daga ciki ce. A babban birni gidajen abinci sun fi a ƙirga, haka shagunan kayan ƙamshi da na nama da kifi, kuma in ka duba waya kusan kowa masu sharhi sun ba shi taurari huɗu da 'yan kai cikin biyar. Ta ina ake farawa? Me ido zai duba kafin a zauna, ko kafin a miƙa kuɗi? Don Allah a yi bayani dalla-dalla, kar a ce "je wuri kaza", domin ba gari ɗaya muke ba.

Malam Kuku: Wa alaikumus salam, Maman Iman. Mu da muke tsaye gaban murhu abu ɗaya muke fara dubawa: saurin fitar kaya. Abincin da ake sayarwa da sauri ba ya samun lokacin lalacewa, kuma hannun da ke dafa shi sau da yawa a rana ya riga ya ƙware a kansa. Kusan duk sauran alamomin daga nan suke fitowa.

Ki fara da takardar jerin abincin. In ƙaramin wuri ne mai tebur goma sha biyar amma ya jera kala tamanin, daga abincin Sin zuwa na Italiya zuwa na Indiya, to firiza ce ke girkin. Babu kicin ɗin da zai iya ajiye ɗanyen kayan kala tamanin sabo kullum. Dole a daskarar, ko a sayo dafaffe daga kamfani a ɗumama. Kala goma zuwa ashirin, waɗanda suka yi tarayya a kayan haɗi, shi ne abin da ƙaramin kicin zai iya riƙewa da gaskiya. In kika tambayi wani abu da yamma aka ce ya ƙare, kar ranki ya ɓaci. Alama ce ta cewa ana dafa daidai na ranar.

Sai lokacin zuwa. Zuwan farko ki je a tsakiyar mako, lokacin cin abincin rana. A ƙarshen mako kowane wuri cike yake, ba za ki gane komai ba. Wurin da ma'aikatan unguwar suka cika shi ranar Talata da rana yana rayuwa ne da masu dawowa, kuma mai dawowa ba a yaudararsa sau biyu. Wurin da ke bakin tashar jirgi ko kusa da inda 'yan yawon buɗe ido ke taruwa ba ya buƙatar kowa ya dawo, gobe wasu za su zo. Ki taka layi biyu ko uku daga irin wuraren nan kafin ki zaɓa.

Ranar farko ki nemi abu mafi sauƙi da suka ce sun iya. Shinkafa, gasasshiyar kaza, miya, burodi. Abu mai sauƙi ba shi da inda zai ɓuya. In soyayye ne, ki duba launi: wanda ya yi duhu a waje da wuri, yana maiƙo a hannu, yana barin ɗaci a maƙogwaro, tsohon mai ne aka yi ta maimaitawa.

Abu Yusra: Malam Kuku ya gama magana a kan kicin, bari in ɗauki ɓangaren waya, don a nan aka fi ruɗin mutane. Lambar taurari ita kaɗai ba ta da wani amfani. Wuri mai 4.9 da sharhi talatin bai kai mai 4.3 da sharhi dubu biyu abin dogaro ba, domin talatin 'yan'uwa da abokai ma sun isa su rubuta. A shekarar 2017 wani ɗan jarida a Landan ya sa rumfar bayan gidansa a TripAdvisor, shafin intanet da mutane ke yin sharhi a kan gidajen abinci da otal, a matsayin gidan abinci, abokai suka yi ta zuba yabo, har ta hau matsayi na ɗaya a birnin alhali ba ta taɓa sayar da faranti ko ɗaya ba.

Ga yadda ake karanta sharhin. A Google Maps ki juya jerin ya fara daga sabo, ki karanta na wata shida da suka wuce kawai, saboda kuku yana canja wurin aiki, mai gida yana sayarwa, amma tsofaffin taurari suna nan daram. Ki bar masu biyar da masu ɗaya, ki tsaya kan masu uku da huɗu. Su ne ke faɗin abin da suka ci da abin da ya gaza. In mutum biyar da ba su san juna ba suka ce abinci ya zo da sanyi, to yana zuwa da sanyi. In kuwa duk ƙorafin a kan jira ne da ƙarancin wurin ajiye mota, wannan sau da yawa wuri ne mai kyau da jama'a suka yi wa yawa. Hotuna kuma, ki duba waɗanda masu ci suka ɗauka, ba na mai gidan ba.

A manhajojin kawo abinci gida akwai wata dabara: kicin ɗaya ya yi rajista da sunaye biyar ko shida, kowane da nasa tambari. Ki kwafi adireshin ki sa a taswira. In sunaye da yawa suka faɗo a gini ɗaya, kin san inda aka dosa.

Hajiya Asabe: Ni ɓangarena tsafta ne, kuma lambobi uku nake so kowa ya haddace. Abinci mai sanyi ƙasa da digiri 5, mai zafi sama da digiri 60, kuma dafaffen abinci kar ya wuce awa 2 a ajiye a tsakanin waɗannan biyun. Wannan shi ne ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, domin a wannan tsakanin ne ƙwayoyin cuta ke ninkuwa da sauri. Inda aka fi karya ta shi ne wuraren da ake jera abinci kowa ya ɗiba da kansa. Ki buɗe murfin: in tururi bai taso ba, in miyar ta yi fata a sama, in gefen shinkafar ya bushe, ki wuce. Shinkafa musamman, domin akwai wata ƙwayar cuta da ke tsira daga dahuwa, in shinkafar ta jima da ɗumi-ɗumi sai ta saki guba, kuma sake ɗumamawa ba ya kashe gubar. Ki kuma lura ko ana zuba sabo a kan ragowar tsoho a tire ɗaya. Wannan babban kuskure ne, na ƙasan yana iya wuni a wurin.

Wasu birane sun sauƙaƙa wa mutane. A New York tun 2010 ana liƙa harafin A ko B ko C a ƙofa bayan an duba wuri. A Ingila da Wales da Ireland ta Arewa maki ne daga 0 zuwa 5, kuma ana iya dubawa a intanet, sai dai a Ingila ba dole ba ne a liƙa shi, don haka rashin ganinsa a ƙofa ma magana ce. Amma wannan makin na tsafta ne kawai, bai ce komai a kan daɗi ba. Inda babu irin wannan tsari, ki shiga banɗaki kafin ki ba da oda. Akwai ruwa? Akwai sabulu? Ma'aikatan ma da hannu suke girkin. Ki kuma kalli wanda ke karɓar kuɗi, ko shi ne ke taɓa abincin.

Malam Kuku: Hajiya, ina tare da ke, sai dai gwajin banɗaki gefe ɗaya yake aiki. Mai datti ya isa ya kore ki, amma mai ƙyalli bai wanke kicin ba, domin akwai masu kashe kuɗi a inda baƙo ke gani su bar baya a lalace. Gani ya kori ji: wurin da kicin ɗinsa yake a buɗe ya fi kwantar da hankali. A duba ko katakon yanka ɗanyen nama daban yake da na ganye, a kuma duba tsumman da ake goge tebur da shi.

Wani abu da ban faɗa ba: in kika samu wuri ɗaya da kika yarda da shi, ki tambayi masu aikin inda suke ci in sun tashi, da inda suke sayen kifi da kayan ƙamshi. Shago mai kyau daga bakin kuku ake jinsa.

Baban Khalil: Nama da kifi sana'ata ce, ga abin da zan ce. Hanci ya fara shiga kafin ido. Shagon kifi mai kyau ƙamshin ruwa yake yi, ba ƙarni mai hawa kai ba. Ki sayi kifi da kansa in da hali, domin yankakke yana ɓoye kwanakinsa. Idon ya zama garau, a cike, ba ya lotsa ba. Ki ɗaga murfin gefen kansa inda yake numfashi: ja mai haske ake so, ba ruwan ƙasa mai yauƙi ba. Ki danna da yatsa, tsokar ta dawo nan take. Kuma a binne yake cikin ƙanƙara, ba a ɗora shi a sama ko yana iyo a ruwan da ta narke ba.

Nama kuwa, wasu suna sa jan fitila a kan kanta don ya yi kyau, saboda haka ki ce a fito da shi ki gani a hasken gari. Ruwa mai yawa a ƙasan tire yana nuna an daskarar an narkar. Wanda aka rufe a leda aka zuƙe iska yakan yi duhu, wannan ba aibi ba ne, in an buɗe bayan kamar rabin awa zai yi ja. Niƙaƙƙen nama ki zaɓi tsoka a niƙa a gabanki, ki dafa cikin kwana ɗaya ko biyu. A daskararrun kaya, in ledar cike take da ƙanƙara a ciki kuma kayan sun dunƙule wuri ɗaya, sun taɓa narkewa a hanya. Firiza ta gaskiya tana kan digiri 18 ƙasa da sifili. Tambayar da ta fi kowace amfani ita ce: wace rana kaya ke iso muku? Mahauci na ƙwarai zai faɗa ba tare da inda-inda ba, sai ki riƙa zuwa ranar.

Anti Ummi: 'Yar'uwa, shagunan kaya na musamman ki neme su a unguwar da mutanen ƙasar da kayan ya fito suke zaune. A can kayan ke fita kullum, kuma masu saye sun san ɗanɗanonsa tun suna yara. A babban kanti irin wannan kaya yana iya shekara a kan kanta.

Kayan ƙamshi ki saye su ɗungurungum ki niƙa da kanki: masoro, kanumfari, kirfa. Gari yana rasa ƙarfinsa cikin watanni, kuma shi aka fi yi wa algus. An taɓa gano ana zuba wa kurkum sinadari mai gubar dalma don ya ƙara launi, shi ya sa garin da ya cika ƙyalli a buɗaɗɗen buhu abin tsoro ne. Ki sayi kaɗan, giram 50, ki murza a tafin hannu ki shinshina. Kanumfari mai kyau in kika danna farce zai bar ɗan mai. Kirfar Siri Lanka siririn ɓawo ce mai ninki da yawa, tana karyewa a hannu. Mai kauri mai ninki ɗaya wani iri ne daban, ba ƙarya ba ce, amma kar a sayar miki da ita da sunan waccan.

Za'afaran na buƙatar fure kusan 150 kafin a samu giram ɗaya, don haka mai araha ba shi ba ne. Ki jefa zare uku a ruwan ɗumi. Na gaskiya a hankali yake sakin launin rawaya cikin minti goma zuwa sha biyar, zaren kuma ya zauna da jansa. Na rini nan take yake mai da ruwa ja, zaren ya koɗe. Man zaitun ki nemi kwalba mai duhu ko gwangwani, mai ɗauke da shekarar girbi, wanda ba a jera a taga rana na dukansa ba. Ɗan ɗaci da yaji a maƙogwaro alamar sabo ne. Kofi kuma ranar da aka soya shi ake dubawa, ba ranar ƙarewar wa'adi ba. Zuma in ta daskare ba shaidar algus ba ce, ɗabi'arta ce.

Maman Iman: Allah ya saka da alheri. To taurarin Michelin fa? Sannan mai kiyaye halal ko mai cutar da wani abinci ke tayar masa, me zai tambaya?

Abu Yusra: Michelin kamfanin taya ne na Faransa, ya fara buga littafin jagora ga matafiya a 1900, ba wa gidajen abinci taurari a cikinsa kuma daga 1926. Masu dubawarsa a ɓoye suke zuwa, don haka ya fi sharhin waya nauyi. Amma wasu ƙasashe da birane kaɗai yake shiga, kuma masu taurarin galibi na shagali ne. Don cin yau da kullum ki duba rukunin Bib Gourmand da suka ƙara a 1997, na abinci mai kyau a farashi mai sauƙi.

Hajiya Asabe: A kan tambaya ta biyu, kar ki tsaya a "halal ne?", domin mai kawo abinci zai ce eh don ya wuce wurin. Ki tambayi abu takamaimai. Daga ina naman yake zuwa, kuma akwai takardar shaida mai kwanan wata? Duk naman gidan ne ko kaza kaɗai? Ana sa giya a miya ko a kayan zaƙi? Mai ɗaya ake soya komai a ciki? Wannan ta ƙarshe ita ce kuma tambayar mai rashin jituwa da gyaɗa ko jatan lande, domin ta tukunyar suya da cokali ɗaya abin ke ƙetarawa. Ki buga waya tsakanin ƙarfe uku da biyar na yamma, lokacin da kicin ya lafa, ki nemi a haɗa ki da kuku ko manaja. In aka ce "bari in tambayo" aka dawo da amsa, wurin ya san aikinsa. In aka ce "ba matsala" tun ba ki gama tambayar ba, ki nemi wani.