Gidan gado a awon igiya: me ake dubawa kafin a biya?

Abu Safiyya:
Assalamu alaikum. An sa wani gida a kasuwa a Rijiyar Zaki, Kano, ɗaki huɗu da falo. Awon igiya ne, wato ba gwamnati ce ta yanka filin ba, kuma na gado. Babu satifiket ɗin gwamnati, sai takardar cinikin da marigayin ya saya da ita, mai sa hannun mai unguwa. Babban ɗansa ne ke sayarwa, dillali kuma ya matsa a ba da kafin alƙalami. Ta ina ake farawa?

Maman Khalifa:
Wa alaikumus salam. Malam, gadon ya fi rashin satifiket haɗari. Babban ɗa ba shi da ikon sayar da kason ƙannensa don kawai ya girme su. Ka fara tambaya: an raba gadon? Idan an raba a kotun shari'ar Musulunci, akwai takardar da ke nuna wanda gidan ya faɗa wa. Ka karɓi kwafi, ka je kotun da kanka a duba maka a rajista.

Idan ba a raba ba, sai an lissafo magada kaf, har matan marigayin da 'ya'ya mata da ke gidan aure da wanda ke ƙasar waje, kowa ya sa hannu ko ya ba da wakilci a rubuce. In akwai marayun da ba su balaga ba, kada ka yarda da sa hannun kawu ko yaya, a nemi izinin alƙali. Ga kuma shuf'a: a mazhabar Malikiyya, idan wani magaji ya sayar da kasonsa kafin a raba, abokin tarayyarsa na da haƙƙin mayar maka da kuɗinka ya karɓe kason. Ka bincika bashin marigayin ma, domin ana biyansa kafin rabo, wani lokaci kuma takardar gidan na hannun wani a jingina.

Safiyo Na Hotoro:
Ƙari a kan bayanin Hajiya. Tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 filayen birni na hannun gwamna, don haka sa hannun mai unguwa shaida ce kawai cewa an yi ciniki. Ka ɗauki safiyo ya auna gidan ya fitar da lambobin wurin, a kai KANGIS, hukumar adana bayanan filaye ta Kano, a duba ko filin ya hau kan wani awon gwamnati, ko hanya, ko filin makaranta. KNUPDA kuma, hukumar tsara birane ta jihar, ita ce ke da maganar izinin gini. Wanda ya ga rusau ɗin 2023 a Kano ba zai raina wannan ba. A duba kada gidan ya kasance ƙarƙashin babbar wayar wuta ko a bakin magudanar ruwa. Bayan ciniki ka nemi satifiket da sunanka, yawanci na shekara 99 ne.

Shi kansa ginin, da damina ake gane shi. In rani ne, dubi gindin bango: sabon fenti daga ƙasa zuwa gwiwa kaɗai alama ce ta danshi da ake ɓoyewa.

Abu Safiyya:
Na gode ƙwarai. Kafin alƙalamin fa?

Baba Dillali:
Yaro, kada ka danƙa wa dillali. Mai gida ake ba, a rubuce, da sharaɗin za a dawo da shi in bincike ya nuna matsala. La'ada a tsayar da ita tun kafin a yi sallama. An fi jin kashi 5 cikin ɗari, amma a faɗi wa zai biya da dillalai nawa ne a layin, saboda 'yan kayi-na-yi ranar biya suke fitowa.

Kuɗin a tura ta banki zuwa asusun da magada suka amince da shi a rubuce. Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta ma hana mutum biyan sama da naira miliyan 5 hannu da hannu. Lauya ya rubuta takardar ciniki, maƙwabta na dama da hagu su yi shaida, ka karɓi tsohuwar takarda ta asali, ba hoto ba. Ka duba bashin kamfanin wuta na KEDCO a mita. In da 'yan haya a ciki, mai sayarwa ya sallame su kafin ka cika kuɗi, domin mai biyan shekara yawanci sai an ba shi wa'adin wata 6.