Abin da aka tsayar kan koyon sadarwar mainframe

'Yan'uwa na Jidda da Riyad, maganar da muka yi kan yadda za a koyi sadarwar mainframe, wato manyan kwamfutocin IBM, ta yi tsawo, ga abin da na tsinto.

1. Kusan kowa ya yarda a fara da TCP/IP, ƙa'idojin sadarwar intanet: adireshi, tashoshi, yadda saƙo ke bin hanya. Wanda bai iya wannan a kwamfutar gida ba, z/OS, babbar manhajar da ke tafiyar da mainframe, zai ba shi wuya.

2. A kan SNA, tsohon tsarin sadarwa na IBM, aka rabu. Tsofaffin hannu sun ce dole ne, domin tun 1974 IBM ta fito da shi, kuma manhajojin CICS (masu sarrafa hada-hadar kasuwanci) da yawa har yau ta VTAM, manhajar da ke tafiyar da SNA, suke magana. Matasa suka ce ɓata lokaci ne. Wani ya raba gardama da cewa yanzu SNA ɗin ma a cikin IP ake ɗaukarsa ta wata fasaha mai suna Enterprise Extender, don haka a san ma'anar LU (ƙofar da manhaja ko allo ke shiga SNA ta cikinta) da PU (sashen da ke kula da na'ura a SNA), zurfin ya biyo baya. Ni ma nan na karkata.

3. A sa hannu. IBM Z Xplore, dandalin koyon mainframe na IBM a intanet, kyauta ne. Masu son Hercules (manhajar da ke kwaikwayon mainframe a kwamfutar gida) da MVS 3.8j (kakan z/OS) sun ce yana koyar da baƙin allon 3270, wato allon rubutu da ake aiki da mainframe ta cikinsa, amma an yi gargaɗi: tsoho ne ƙwarai, ba za ka ga katin sadarwa na OSA ko HiperSockets (sadarwar cikin mainframe) na gaske a can ba.

4. Tarkon da mutum uku suka ambata: mainframe da tsarin haruffa na EBCDIC yake rubutu, ba ASCII na kwamfutar gida ba. Ka tura fayil ta FTP, hanyar tura fayil tsakanin kwamfutoci, ba ka zaɓi yanayin turawa da ya dace ba, shirme za ka gani.