Komawa asibiti bayan bugun zuciya: tsufa ne ko sakaci?

Mai tambaya, daga Garwa:

Assalamu alaikum. Mahaifinmu mai shekara 71 ya samu bugun zuciya a watan jiya, ya yi kwana takwas a asibiti aka sallame shi. Bayan kwana goma sha ɗaya muka mayar da shi cikin dare, domin ƙafafunsa sun kumbura har takalmin da yake zuwa masallaci da shi ya ƙi shiga, kuma ba ya iya barci sai an jera masa matashin kai uku. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, maƙwabcinmu ɗan shekara 44 ya kamu da irin wannan ciwo bara, amma har yau bai sake kwana a asibiti ba. Tsufa ne kawai, ko akwai sakacin da muka yi?

Ma'aikaciyar jinya, daga Marwa:

Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya ba Baba lafiya. Shekaru suna da tasiri ƙwarai. A Amurka, inda ake bin diddigin wannan lamari har aka fara cin tarar asibitoci a kansa tun 2012, an ga a binciken shekarun baya cewa kusan mutum ɗaya cikin biyar na masu shekara 65 zuwa sama ya koma gadon asibiti kafin kwana 30 su cika da sallama, alhali a tsakanin waɗanda ba su kai 65 ba adadin bai wuce ɗaya cikin tara ko goma ba, kuma fiye da rabin komawar tana faruwa ne cikin mako biyun farko.

Sai dai yawancin dattawa ba sabon bugun zuciya ne ke mayar da su ba. Naman zuciyar da jini ya yanke masa ba ya farfaɗowa, sauran kuma yakan gaza tura jini yadda ya kamata, sai ruwa ya taru a huhu da ƙafafu, kuma da alama abin da ya sami Baba ke nan. Wasu kuma ciwon huhu ne, ko ƙoda ta raunana, ko maganin tsinka jini ya sa ciki ya zubar da jini. Ku riƙa auna nauyinsa kowace safiya a kan sikeli ɗaya. Idan ya ƙaru da kilo biyu cikin kwana uku, ku kai shi tun kafin haki ya fara. Sannan a duba tukunya, domin na sha ganin gidan da aka daina sa gishiri, amma ana jefa dunƙulen magi huɗu da kanwa a miyar kuka, alhali su ma suna riƙe ruwa a jiki kamar gishiri.

Direban babbar mota, daga Njamena:

Hajiya ta faɗi gaskiya, amma kada a ɗauka ƙuruciya garkuwa ce. Ina da shekara 46 lokacin da bugun zuciya ya same ni, aka saka mini ɗan bututun ƙarfe a jijiyar zuciya, aka ce in sha aspirin da clopidogrel, magungunan hana jini daskarewa, har shekara guda ba fashi. A wata na uku na ji garau, kuɗin magani kuma ya yi mini nauyi, sai na ajiye ƙwayoyin na koma kan hanyar Kusuri da sigarina. Ban yi mako uku ba aka kwashe ni daga tasha, gumi ya jiƙe rigata, ƙirjina kamar an ɗora buhun siminti. Likita ya ce jini ne ya daskare a cikin bututun. Saboda haka, Malam, ka tambayi maƙwabcin naku ko har yanzu yana shan maganinsa.

Mai tambaya, daga Garwa:

Na gode muku. Yanzu na tuna cewa ranar sallama ba a sa mana ranar komawa ganin likita ba, mu ma ba mu tambaya ba. Ga shi Baba yana shan diclofenac saboda ciwon gwiwa, wanda ƙanena yake sayo masa a kasuwa. Shin yana da illa?

Ma'aikaciyar jinya, daga Marwa:

Yana da ita sosai, domin yana riƙe ruwa a jiki, yana wahalar da ƙoda, kuma idan ya haɗu da aspirin yana ƙara haɗarin zubar jini. Ku dakatar da shi yau, gobe ku zuba duk abin da Baba ke sha a leda ɗaya, har da jiƙo da sassaƙe, ku ajiye a gaban likitansa.