Tabon da ke cikin daimon: wanne ake haƙura da shi?

Yayar ango, Ƙofar Marusa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanena zai yi aure bayan babbar Sallah, ni aka ɗora wa haɗa lefe. Gwal kam na san shi, tun ina budurwa nake bin Hajiyarmu wurin masu awo, amma amaryar ta nuna tana son zobe mai daimon ko ƙarami ne. Wani mai shago a Dubai ya turo mini hotunan duwatsu biyu, kowanne rabin karat, a matakin tsabta daga tabo ɗaya VVS2 ɗaya SI1, kuɗin kuwa bambancinsa ya ba ni tsoro. A hoto ban ga abin da ya raba su ba. Don Allah wanda ya taɓa saye ya faɗa mini abin da idonsa ya gani, ba na son in cuci yarinyar mutane, ba na kuma son in ƙarar da kuɗin yaron.

Maman 'yan biyu, Daura

Wa alaikumus salam Yaya. Nawa SI1 ne, a kasuwar gwal ta Deira da ke Dubai na saya. Mai shagon ya miƙo mini ɗan madubin nan da ke girmama abu sau 10, sai da na daɗe ina leƙe kafin na hango wani farin ɗigo can gefe. Da na ajiye madubin na neme shi na rasa. Ashe da wannan madubin ake yanke matakin tun farko: FL shi ne wanda ba a ga komai ba ciki da waje, sai IF, sai VVS, VS, SI, a ƙarshe I wanda galibi ido kawai ke kama tabonsa. To wa zai zo gidan biki da madubi ya kama hannun amarya? Na sa maƙerin ya ɗora ɗan farcen zoben a kan ɗigon, shikenan. Har yau ina sa shi.

Baba mai gwal, Babbar Kasuwa

Hajiya, maganar Maman 'yan biyu gaskiya ce, amma kada ki tsaya a haruffan. SI1 biyu ba sa zama ɗaya. Ki tambayi mai shagon wane irin tabo ne, kuma a ina ya zauna.

Ɗigo fari a gefe, wannan ba komai. Ɗigo baƙi a tsakiyar fuskar dutsen, ko ƙanƙane ne, ido zai riƙa komawa kansa, amarya kuma ita za ta fi kowa kallonsa. Akwai wanda yake kamar hazo a ciki, ba ki ganin tabo ɗaya, sai dai dutsen ya yi dishi-dishi kamar sararin hunturu. Wanda na fi gudu shi ne tsaga, musamman in ta kai bakin dutsen. Mutane na jin an ce daimon ya fi kowane dutse tauri, sai su ɗauka ba ya fashewa. Ba ya karcewa ne da sauƙi, amma bugu yana ɓantare shi. Wata baiwar Allah ta taɓa kawo mini nata, ƙofar mota ta buga, gefen ya ɓalle daidai inda tsagar take. Na ji mata zafi ƙwarai, don kyautar mahaifinta ce, kuma babu abin da zan iya liƙawa.

Ki kuma lura da yanka. Mai zagaye yana da fuskoki 57 ko 58, walƙiyarsa na ɓoye ƙananan tabo. Mai kusurwa huɗu dogo, wanda ake yanka hawa-hawa kamar matakala, tamkar taga yake, komai na ciki a fili. In irinsa ne, ki hau zuwa VS.

Wani abu da ke rikita mutanenmu: karat na gwal tsarki ne, na daimon nauyi ne. Karat 5 ke yin giram 1.

Malama, Ƙofar Sauri

Ni takarda zan yi wa magana, don ta nan aka cuce ni. Wata mai kawo kaya gida-gida ta ɗora wa dutsen na'urar nan mai kama da biro, ta yi ƙara, na biya. Daga baya aka tabbatar mini moisanait ne, wani dutse mai kama da daimon, wanda ke yaudarar na'urar da zafi kawai take aunawa. Wallahi kwana biyu ban iya cin abinci ba. Anti, ki ce mai shagon ya turo takardar shaidar GIA ko IGI, cibiyoyin da ke tantance daimon. Ki shigar da lambar a shafinsu na intanet ki ga ko bayanin ya dace, sannan a nuna miki lambar a jikin ƙugun dutsen in an zana ta, da madubi ake ganinta. Takardar za ta kuma faɗa miki ko na ƙasa ne ko wanda aka ƙera a masana'anta. Shi ma daimon ne na gaske, amma ya fi araha nesa ba kusa ba, bai kamata a sayar miki da shi a kuɗin na ƙasa ba.

Uwargida, Ƙofar Guga

Launi ma yana da mataki, daga D mai fari tas yake farawa zuwa Z mai ɗan rawaya. In a jan gwal za a dasa shi, kada ki biya kuɗin D. Nawa H ne, fari tas yake a ido.

Hajiya Babba, Daura

'Yata, ku faɗa wa ango tun yanzu cewa wannan ado ne, ba ajiya ba. Lokacin jinyar maigida na fitar da kayana. Sarƙar gwal aka ɗora a sikeli aka ƙirgo mini kuɗi nan take. Zoben kuwa, gwal ɗin jikinsa kawai suka yi wa kuɗi, dutsen suka ce ba su da mai saye. Don haka ku ɗauki mai tsabta a ido, ragowar ku ƙara mata a awarwaro.

Yayar ango, Ƙofar Marusa

Allah ya saka da alheri, ya ƙara wa Hajiya Babba lafiya. Na yi wa mai shagon magana, ya turo takardar SI1 ɗin, mai zagaye ne, kuma lambar ta fito daidai a shafin. An rubuta akwai tsaga, shi kuma ya ce ƙarama ce, ba ta kai baki ba. Na ce ya ɗauko mini bidiyonsa a hasken rana, ba ƙarƙashin fitilun shago ba. Baba mai gwal, in ya turo zan shigo kasuwa ranar Asabar da hantsi ka duba mini kafin in tura ko sisi.