Hoton titi da na fuska a cikin hasken ranar Maraɗi: wa ke da dabara?

Ɗan Bagalam:
Assalamu alaikum manya. Mutum ya sa farar shadda, a ɗauke shi da rana, rigar ta fito fes, fuska kuma ta yi duhu kamar babu ido. Ina gyaran yake?

Baba mai hoto:
Wa alaikumus salam ɗana. Kyamara ce ke ruɗewa. Idan fari ya cika mata ido sai ta rage hasken hoton gaba ɗaya, fuska ce ke shan wahalar. Ka sa ta auna haske a kan kumatu kaɗai, ko ka ƙara hasken hoton da +2/3 zuwa +1 a ma'aunin hasken kyamarar. Amma kar ka zarce, don in shaddar ta ƙone, wato ta yi fari fat a hoton, aikin ɗinkin wuya ya tafi ke nan, kuma shi mai riga ke so a gani. Ɗauki RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, ya fi karɓar gyara. Daga ƙarfe 11 zuwa 3 kuwa kar ma ka tsayar da mutum a fili: rana na tsakar ka, bakin hula ko rawani na jefa inuwa a ido. Kai shi bakin zaure ko gindin dogon yaro, fuskarsa na kallon waje.

Hajiya mai sutudiyo:
Gaskiya ne Baba. Ƙari a kai, a samu farin kwali, yaro ya riƙe shi daidai ƙirjin mutumin, kamar rabin mita daga gare shi, zai mayar da haske ƙarƙashin haɓa. A guji rumfar da aka rufe da shuɗin tamfol irin na Babbar Kasuwa, launinsa na hawa fata, kuma cire shi aiki ne. Gilashin kyamara na 50mm a f/2.8 ya isa (lambar f ita ce girman buɗin gilashin: in ta yi ƙasa, buɗin ya ƙaru). A f/1.8 in mutum ya ɗan karkata, ido ɗaya ya fito, ɗayan ya yi dishi-dishi. A saita kan idon da ya fi kusa.

Ɗan Bagalam:
Na gode Hajiya. To na titi fa? Kafin kyamara ta kama saiti mai kabu-kabu ya wuce.

Na Sabon Gari:
Ƙanena, daina jiran ta. Gilashin 35mm, f/8, ka saita nisa da hannu a mita 3 ka bar shi. A babbar kyamara, wato mai cikakken firam (full frame), duk abin da ke tsakanin mita 2 da wajen 7 zai fito. Saurin ɗauka kuwa, mai tafiya a ƙasa 1/250 na daƙiƙa, babur 1/1000, haka ma 'yan kokowa. Ka zaɓi bango mai kyau ko inda haske ke ratsa rumfa, ka tsaya, mutane su shigo maka da kansu.

Baba mai hoto:
Ban yarda da ɗaukar sata ba dai. A nan gaisuwa ce gaba. Ka gai da mai tuyar ƙosai, ka saya, ka nemi izini, sannan ka jira ta koma kan kaskonta ta manta da kai. Matar aure da yara, sai da yardar masu su. Bariki, jandarma, shingen bincike, kar ka ɗaga musu kyamara ko da wasa.

Na Sabon Gari:
Haka ne Baba, sai dai a taro kamar hawan salla a ƙofar fada ba wanda za ka bi ɗaya-ɗaya.

Hajiya mai sutudiyo:
In hunturu ya zo, kar a canja gilashi a waje. Don gane ko ƙura ta shiga, ɗauki sararin sama a f/16, ɗigo-ɗigo za su bayyana. A hura da robar busa iska, ba da baki ba, kuma ban da goge gilashi da bakin riga, yashi na karce shi. Masu waya su matsa baya mita 2 su sa 2x, wato zuƙowa ninki biyu, don in an kusanto hanci kumbura yake. Wajen tura wa mai hoto ta WhatsApp, a tura hoton a matsayin fayil, in ba haka ba za a matse shi ya lalace a wanki.