Laburaren kama kurakurai daga CDN: me kuka gani da idonku?

Mai buɗe zance:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Wata uku ke nan da na saka laburaren (lambar da wasu suka riga suka rubuta) da ke kama kurakuran JavaScript a shafinmu, yana turo su zuwa allon rahoto. Layi ɗaya na liƙa a saman shafi, yana jawo shi daga CDN, wato sabobin wani kamfani da ke rarraba fayiloli ga shafuka. Allon rahoto fes, har na fara yaba wa kaina. Jiya wata mai amfani da shafin ta turo min hoton wayarta: ta danna maɓallin aikawa ya fi sau goma, ko motsi bai yi ba. Na duba allon, babu ko alama. Abin ya tsaya min a rai, domin ban san mutum nawa suka haƙura suka tafi ba tare da sun yi magana ba. Don Allah wanda ya taɓa shiga irin wannan ya faɗa mana.

Wani ɗan'uwa:
Wa alaikumus salam. Malam, kunna mai toshe talla a burauzarka ka sake buɗe shafin, ka duba sashen Network na kayan binciken burauza, inda ake ganin fayilolin da shafi ke jawowa. Ni da na yi haka, jan layi na gani a kan fayil ɗin laburaren, ko sauka bai yi ba. Masu toshe talla suna lissafa irin waɗannan adireshi cikin masu bin sawun mutane. Na mayar da fayil ɗin kan sabarmu, na kuma sa rahoton ya fara biyowa ta adireshinmu kafin ya wuce. A Sentry, ɗaya daga cikin masu irin wannan laburaren, sunan wannan zaɓin `tunnel`.

Wata 'yar'uwa:
Nawa daban ne, kuma ni na jawo wa kaina. Na sa masa `async` don kada ya jinkirta buɗewar shafi. Ashe a waya mai raunin intanet, lambarmu tana riga shi tashi, ta faɗi, sannan shi ya iso bayan komai ya lafa. Mai gadi ne ya zo bayan ɓarawo ya fita. Kuma kurakuran farkon lodi su suka fi muni, su ke barin mutum da farin shafi.

Abin da na yi: na rubuta 'yan layuka a cikin shafin kansa, suna sauraron `error` da `unhandledrejection`, suna tara duk abin da ya faru, in laburaren ya iso su miƙa masa. Washegari na ga kuskuren da ya yi makonni yana cin mutane, wani aiki ne da tsofaffin burauza ba su san shi ba. Wallahi sai da jikina ya yi sanyi.

Wani kuma:
Ni rahoto yana zuwa, amma duk "Script error." ne, layi na 0, ba sunan fayil. Burauza ce ke ɓoye bayanin idan fayil ɗin da ya faɗi daga wani adireshi ya fito. Sai na ƙara `crossorigin="anonymous"`, sabar kuma ta riƙa turo `Access-Control-Allow-Origin`. Dole su haɗu su biyun. In ka sa na farko babu na biyu, fayil ɗin ma ba zai lodu ba.

Wani dattijo a harkar:
Ku yi haƙuri, ni abin da ya fi damuna ba ku taɓo shi ba. Duk fayil ɗin da ka jawo daga sabar wani, ka ba shi mabuɗin shafinka ne: yana iya karanta abin da mutane ke rubutawa, har kalmar sirri. Ku tuna polyfill.io, adireshin da shafuka ke jawo lambar JavaScript daga gare shi, a 2024, adireshin ya sauya hannu, aka riƙa cusa muguwar lamba a shafuka sama da 100,000. Tun daga lokacin ba na ɗora komai sai da takamaiman lambar siga da `integrity`, wato hatimin abin da ke cikin fayil ɗin, ta yadda ko harafi ɗaya ya canza burauza za ta ƙi shi. Hujjar da muke kafawa a da ta amfani da CDN, cewa wataƙila mutum ya riga ya sauke fayil ɗin a wani shafi, ita ma ta mutu. Tun Chrome 86 a 2020 kowane shafi da tasa ma'ajiyar fayiloli a cikin burauza.

'Yar'uwar ta dawo:
Gaskiya ne Baba, sai dai `integrity` ba ya tafiya da fayil ɗin laburare irin mai sabunta kansa, tunda abin da ke cikinsa yana canzawa. In ka ɗaure siga, sabuntawa ta dawo wuyanka. Ni na sa wa kaina tunatarwa duk wata.

Mai buɗe zance:
Allah ya saka muku da alheri. Na gano nawa, kuma ba ko ɗaya daga ciki ba ne kai tsaye. Dokar CSP ɗinmu, wadda ke faɗa wa burauza adireshin da shafi zai iya hulɗa da su, ta yarda da laburaren a `script-src`, amma na manta adireshin karɓar rahoto a `connect-src`. Yana sauka, yana kama kuskure, burauza tana hana shi aikawa. 'Yan rahotannin da nake gani daga shafin gwaji suke, inda babu dokar. Na gyara da safe, na jefa kuskuren ganganci daga wayata, ya fito a allon cikin daƙiƙa kaɗan. Yanzu kurakurai 41 ke jirana. 'Yar'uwa, don Allah turo min layukan nan naki na tarawa.