Turancin kasuwa: da waɗanne kalmomi zan fara?

Yaron Shago: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Maigidana ya ce daga watan gobe ni zan riƙa amsa saƙonnin masu turo mana kaya daga Sin, tunda na gama sakandare. Gaskiya Turancin nawa na cin jarrabawa ne. Ko kalmar business ɗin nan, wani ya ce mini kasuwanci ne, wani ya ce sana'a, wani ya ce kamfani. Don Allah daga ina zan kama?

Malamin Turanci: Wa alaikumus salam. Duk ukun ba su yi ƙarya ba. Business shi ne saye da sayarwa, ko yi wa mutane aiki, domin a samu riba. Shagon ko kamfanin kansa ma haka ake kiransa, shi ya sa za ka ji an ce wane yana da businesses uku. Asalinta daga busy ne, wato mutum yana cikin hidima. Idan Bature ya ce maka mind your business, ba zancen shago yake ba, cewa yake ka ji da abin da ke gabanka. Kuma gaɓa biyu ce a baki: biznis.

Alhaji Na Kwari: Malam, a yi haƙuri, kada a tsorata yaro da nahawu. Ɗana, shekara nawa kake a shago?

Yaron Shago: Huɗu, Alhaji.

Alhaji Na Kwari: To ka riga ka san kasuwa, sunayen kawai za ka sauya. Sayi ƙaramin littafi ka ja layi a tsakiyar shafi. Hagu ka rubuta abin da muke faɗa kullum, dama na Bature. Jari capital, riba profit, asara loss, hajar da ke shago stock, sari wholesale, kiri retail. La'adar dillali commission, kafin alƙalami deposit, ragi discount. Da haka na fara, ni da ban wuce aji shida ba.

Hajiya Mai Atamfa: Alhaji ya yi gaskiya, amma waɗannan ba su ne masu cin kuɗin mutum ba. Masu cin kuɗi haruffa uku-uku ne. Karon farko da na yi oda, mutumin ya rubuto farashi ya ƙara FOB a gefe. Na ɗauka ado ne. Na yi lissafi na ga riba kamar me, har na fara yi wa yara alkawari. Ashe nufinsa nauyinsa ya ƙare da zarar kaya sun hau jirgin ruwa a tashar can ƙasarsu. Kuɗin jirgi nawa, inshora nawa, kwastan a Apapa nawa, motar Legas zuwa Kano ma tawa. Da kayan suka iso na zauna da kalkuleta a bayan shago, da ƙyar uwar kuɗina ta fita. Idan ka ga CIF, to ya haɗa kuɗin jirgi da inshora har tashar da kuka ambata, amma fito da kaya daga hannun kwastan yana wuyanka har yanzu.

Malamin Turanci: Hajiya, sannu. Waɗannan ana ce musu Incoterms, ƙungiyar 'yan kasuwa ta duniya mai hedikwata a Paris ke tsara su. Guda 11 ne a bugun 2020.

Hajiya Mai Atamfa: Shi dai ya haddace biyun nan tukuna, da MOQ, wato mafi ƙarancin abin da za su yarda su sayar maka. Kuma ƙanena, ka tambaya yadi ne ko mita. Yadi bai kai mita ba, ya gaza da kusan santimita 9. A turmi ɗaya na yadi 6 ba za ka ji ba, a kwantena mai ƙafa 40 sai ka yi kuka.

Ɗan Dawanau: Ni shawarata ya sauke Google Translate ya huta.

Alhaji Na Kwari: Na gaisuwa yana yi. Amma ban yarda a tura kuɗi a kan fassarar waya ba.

Malamin Turanci: Akwai wasu da mu 'yan Najeriya muka lanƙwasa, a wajen baƙo sai su rikita shi. A kasuwarmu mai saye da mai sayarwa kowa na ce wa ɗan'uwansa kastoma. A Turanci mai saye ne kaɗai customer, wanda ke kawo maka kaya supplier ne. Haka borrow me da muke cewa: borrow shi ne ka ranto, lend shi ne ka ranta wa wani. Sai invoice da receipt. Na farko takardar neman biya ce, na biyu shi ne rasit, shaidar an biya. Harafin p na receipt ba a furta shi, haka b na debt, wato bashi.

Ustaz: In sa baki kaɗan. A kula da riba da interest. Ribarmu ta Hausa halal ce, ita ce profit. Abin da Larabci ke kira riba kuwa kuɗin ruwa ne, shi ne interest a takardar banki. Na sha ganin an cakuɗa su. Shi ya sa bankuna irin Jaiz, da ya fara aiki a 2012, ake ce musu non-interest.

Akawu: Ni kuma abin da nake fama da shi da masu shaguna shi ne revenue. Cinikin da ka yi ne gaba ɗaya, kafin a cire kuɗin sari, haya, sallamar yara da haraji. Mutum ya ga miliyan a aljihun tebur ya ce ya ci riba. In ka ga VAT a takarda, harajin da gwamnati ke ɗorawa a kan farashin kaya ne, kashi 7.5 cikin ɗari tun Fabrairun 2020. Sannan in maigidanka bai yi wa shagon rijista a CAC ba, wato hukumar rijistar kamfanoni, ka tuna masa, domin banki ba zai buɗe asusu da sunan shago ba sai da ita.

Ɗan Dawanau: To na janye tawa. Amma ya riƙa sauraron BBC Learning English a waya, kyauta ne, kuma suna da darussan Turancin wurin aiki. Ni da shi na daina jin tsoron kiran waya.

Yaron Shago: Allah Ya saka da alheri, na cika shafi biyu. Saura ɗaya: yaya ake cewa "albarka" in an yi tayi bai kai ba?

Malamin Turanci: Babu kalma guda. Sai dai ka ce farashin bai yi maka ba, ka faɗi naka.

Alhaji Na Kwari: Su ma 'yan Sin ɗin Turancin aro suke yi, kada ka ji kunya. Rubuta gajere, lamba a fili, ka sa su maimaita maka a rubuce. Gobe bayan azahar ka biyo ta shagona da littafin, akwai tsofaffin takardun oda a durowa, mu bi su layi-layi.

Yaron Shago: In sha Allahu, Alhaji. In zo da saƙon da suka turo jiya?

Alhaji Na Kwari: Zo da shi, amma ka nemi izinin maigidanka tukuna.